Wani hanin ga Allah baiwa ne: a gaban wa ake faɗinta?

Ɗan Domayo:
Salama 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a wuya tun ranar Lahadi. Ƙanena da ke Yagwa, ambaliyar 2024 ta ci masa gida da gonar shinkafa da awaki, wancan ruwan da ya karya gada a garin. Ya ci bashi ya sake tayar da ɗaki biyu, yana fara miƙewa kenan sai mota ta kaɗe shi a kan moto, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Yanzu yana wurina a Marwa yana jinya. Bayan an tashi sujada wani dattijon ikkilisiyarmu ya zo gaishe shi, mutumin kirki ne ba na zarginsa da komai, ya zauna bakin katifa yace ɗana ka yi haƙuri, wani hanin ga Allah baiwa ne. Yaron nan ya juya fuska bango yace Baba in baiwa ce na bar maka ita. Matata tace ya yi wa babba rashin kunya, ni nace dattijon ne ya taɓo inda ba a taɓawa, har yau gidan ba daɗi. To ina tambaya, wannan karin maganar ta dace da irin wannan wuri? Kuma ma ta dace da bakin mai bi?

Katikis:
Sannu da jinya, Ubangiji ya ba shi sauƙi. Maganar ba ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki ba. Yusufu ya gaya wa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri, Farawa 50:20. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa aka hana shi. Amma ku lura wa ya faɗa, kuma yaushe. Yusufu da bakinsa ya faɗa, bayan rijiya da bauta da kurkuku duk sun wuce.

Maman Biyu:
Ni dai ina bayan matarka. Ko me babba ya faɗa ba a mayar masa haka, balle ya tako ƙafa ya zo gaisuwa. Yaran yanzu kowa zuciya a kusa. Ya ba shi haƙuri kawai.

Baban Tagwaye:
Haba Maman Biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutum ya kwanta da ƙafa biyu ya farka da ɗaya kice zuciya a kusa? Kuma ni a ganina ba ma wurinta ba ne. Ana faɗinta ne in ka nemi abu ba ka samu ba, ka nemi yarinya aka ba wani daga baya ka ji irin zaman da ake yi da ita, ko ka makara mota ta tafi ta bar ka sai ka ji ta faɗi a hanyar Gidar. Wannan ba hana shi aka yi ba, abin da ke hannunsa ne ya tafi.

Mai Albasa:
Ni Musulmi ne amma ku bar ni in sa baki tunda maganar ta Hausawa ce duka. Mu ma an koya mana mutum kan ƙi abu alhali shi ne alheri gare shi. Amma wlh ban taɓa jin an shiga gidan rasuwa an ce baiwa ce ba. Ya haƙuri, Allah ya ba da haƙuri, ka shafa fatiha ka tashi. Ranar da runfata ta ƙone a kasuwa wanda ya fi min amfani maƙwabcina ne Kirista da ya kwana yana tayani tsince abin da ya rage, ko kalma goma bai yi ba.

Katikis:
Alhaji ka taɓo Ayuba kenan. Abokansa uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, nan ne kaɗai suka yi daidai. Suna buɗe baki suka fara nemo masa dalili, a ƙarshe Allah da kansa ya tsauta wa Elifaz da sauran abokan biyu, Littafin Ayuba sura 42.

'Yar Gwoza:
Ku yi haƙuri zan yi tsawo, tun da na ga wannan maganar jikina ya mutu don kakata na tuna. Mu mutanen dutsen Gwoza ne, a 2014 muka gudo muka tsallako Kamaru, muka ƙare a sansanin Minawao kusa da Mokolo. Kafin gudun, akwai ranar kasuwa da kaka ta shirya za ta sauka ta kai daddawa, ita ke yi tana sayarwa tun kafin a haife ni, sai ƙafarta ta kumbura da dare ta kasa takawa. Kawuna, autanta, yace Mama ki zauna ni zan kai. Ya ɗauki kwandon ya sauka. Ba mu sake ganinsa ba, ba gawa ba labari har yau.

A sansani matan zumunta suka zo mata gaisuwa, wata cikinsu da zuciya ɗaya tace Kaka kin ga wannan ƙafar taki, wani hanin ga Allah baiwa ne, da kin sauka da ba ke. Ina zaune a gefe ina tsince wake. Kaka ta dube ta tace 'yata baiwar da aka biya da ɗana? Ba wanda ya ƙara magana, sai suka ɗauki waƙa.

Amma abin da nake so ku ji shi ne matar nan ba ta taɓa fashin sujada ba. Majami'armu a lokacin rumfa ce ta tamfol, benci babu, kowa da dutsen da yake zama a kai, ita ce farkon zuwa da sandarta. Da dare kuma in kun ji addu'arta za ku ce faɗa take da wani a cikin tanti. Kai ka ce ba za ka yashe ni ba, to ina yaron? Na haifa maka tara ka karɓi biyar ban ce komai ba, wannan kuma fa? Haka take yi da ƙarfi har maƙwabta na ji. Mamata ta taɓa ce mata Mama wannan ai saɓo ne, tace in ban gaya wa Ubana ba wa zan gaya wa, shugaban sansani? In ta gama sai ta yi Addu'ar Ubangiji ta kwanta. Da asuba ta tashi ta kai ruwan wanke-wanke bayan tanti inda ta shuka yakuwa da kuɓewa, duk wadda aka yi wa rasuwa a layinmu sai ta dama kunu ta kai ta zauna, ba ta wa'azi, in matar na kuka ita ma ta yi. Ta rasu can ba ta koma gida ba. Har ta mutu ban ji ta ce ta gane dalili ba, kuma ban ji ta ce Allah ba shi da kirki ba.

Maman Biyu:
Wayyo. Allah ya hutar da Kaka. Na yi shiru.

Baban Tagwaye:
'Yar'uwa kin sa ni hawaye a cikin shago. Irin addu'arta ai tana cikin Zabura, ku karanta ta 88 ku gani, daga farko har ƙarshe kuka ne ba ta ƙare da murna ba kuma ba a cire ta daga Littafin ba. Yesu ma a kan gicciye ya tambayi don me aka yashe shi. Mu ne dai muke tsoron irin wannan a majami'u yanzu, kowa sai shaida mai daɗi.

Ɗan Tokombere:
Mu Katolika a nan muna da Baba Simon, fada ne daga kudu da ya zo Tokombere a 1959 yana hawa duwatsu ba takalmi, ya rasu 1975. Tsofaffinmu har yau in suna ba da labarinsa zuwansa gidajensu da zamansa da su suke fara faɗi. Kakarki ta tuna min da shi.

Ɗan Kusiri:
Gsky wannan karin maganar ba wanda ya haddace ta kamar manyanmu. Sun hana mu hanya, sun hana mu ruwan famfo, sun hana mu wuta, duk baiwa suke mana hhhh. Ruwa ya ci gari su zo da buhun shinkafa goma da masu ɗaukar hoto ashirin.

Na Njamena:
Hhhh ku naku ma suna zuwa. A 2022 da kogunan Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni, mu da kwalekwale muke zuwa sujada, wani babba ya zo ya tsaya kan tudu da farin takalmi ya ɗaga mana hannu ya koma mota. Da zaɓe ya matso kuwa har cikin taɓo ya shigo.

Katikis:
'Yan'uwa a dawo kan magana. Amma Ɗan Kusiri ya faɗi wani abu ba da saninsa ba. Ba kowane hani ne daga Allah ba. In an ci kuɗin gyaran madatsa ruwa ya shigo, ko direba ya sha ƙwaya ya hau titi, sai mu ce baiwa? Wannan wanke mai laifi ne da sunan Allah.

Mai Albasa:
Amma Malam ai ba abin da ke faruwa ba da saninSa ba, ko ku ba haka kuka yarda ba?

Katikis:
Da saninsa, i. Amma sani daban, so daban. Wannan doguwar magana ce Alhaji, malaman tauhidi sun daɗe a kanta.

Maman Biyu:
Ni fa har yanzu ina ganin maganar gaskiya ce. Mijina ya rasa aikinsa muna da yara ƙanana, na yi kuka kamar me, dole ta sa na fara soya ƙosai a bakin makaranta, yau da shi na biya wa yaran nan karatu har biyu sun gama. Ni na isa in ce baiwa ce, ba wanda zai hana ni.

'Yar Gwoza:
Ke kika faɗa da bakinki Mama, kuma naki ya dawo. Na kaka bai dawo ba.

Baban Tagwaye:
Wannan ne ma ke damuna da ƙarshen Ayuba. Tumaki 7,000 suka zama 14,000, raƙuma 3,000 suka zama 6,000, amma 'ya'ya goma aka sake ba shi ba ashirin ba. Wani pasto a Garwa ya ce mana don goman farko ba su ɓata ba suna wurin Allah, shi ya sa lissafin ya cika. Ya yi min daɗi a kunne, amma ban san ko matar Ayuba za ta yarda ba, ita ta yi naƙudarsu.

Ɗan Domayo:
Na gode duka. Ni dai ban san me zan ce wa matata ba har yanzu, don na karanta mata na Kaka ta yi kuka sannan tace duk da haka sai ya ba dattijo haƙuri. Wanda ya san inda ake yin ƙafar roba mai sauƙin kuɗi tsakanin Marwa da Garwa ya min magana ta gefe.

Ɗan Kusiri:
Zan tambayar maka wani da aka yi wa. Katikis ba ka amsa wa Alhaji da kyau ba fa, ka gudu ne.

Katikis:
Ban gudu ba, ajin baftisma nake da shi ƙarfe huɗu. In na dawo.

Mai Albasa:
Ina jira Malam. Kafin nan Ɗan Kusiri, manyan motoci na wucewa ta Dabanga kuwa wannan satin? Ina da buhunan albasa da ke jiran hanya tun Talata, in suka ƙara kwana uku a wannan zafin sai dai a zubar.