Wai mu Damagarawa ba mu san kifi na gaske ba?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Dangin maigida suka zo, na tashi tun safe na je kasuwar Dole na sayo sardin na ƙanƙara, na yi musu suyar da na koya a Agadir lokacin da nake karatu a Maroko. Can sai a tsaga kifin a zare ƙayar tsakiya, a daka tafarnuwa da fersil da kumin da jan barkono mara yaji, a matsa lemun tsami, shi suke kira sharmula. A shafe cikin ɗaya, a kifa ɗaya a kansa, a birkiɗa a fulawa, sai cikin mai mai zafi. Ni garin tattasan Diffa na sa. Wallahi ya yi ƙaras-ƙaras. Ƙanwar surukata ta ɗaga murfi ta ce, "Babu banda ne?" Gaskiya mu nan ba mu san kifi na gaske ba.

Hajiya Rabi: Na gaske? To wanda iyayenmu suka ci har suka haife mu na roba ne?

Falmata: Tanti bar ta. Kifin da ya yi watanni a firiza shi ne na gaske, bandar da ake kawowa daga Ngigmi kuma ta ƙarya.

Maman Iman: Ba haka nake nufi ba fa, ina nufin na teku.

Falmata: Kin ce na gaske. Ga shi nan a sama, ba mu ƙara ba.

Zuwaira: Ni dai ko tarwaɗa ko karfasa. Karfasar Gidimuni da aka kamo da asuba, idonta tangaram, haƙarƙarinta cike da nama. Sardin kuwa abin gwangwani ne, a zuba a burodi a sallami yara.

Hadiza Zango: Wannan na gwangwanin ma yawancinsa daga Maroko yake zuwa, ki duba jikinsa. Ita ɗanye ta soya.

Hajiya Rabi: Ɗanye ko daskararre?

Dije: Barebari dai sai kuri da kifi, kamar su suka haƙa Tafkin Cadi.

Falmata: Ke Bafulatana me ya kai ki zancen kifi? Ki tsaya a kindirmonki, wanda rabinsa ma ruwan rijiya ne.

Dije: Ubangidanki ke magana, ki ladabta.

Hadiza Zango: Don Allah Maman Iman, minti nawa yake yi a mai?

Zuwaira: Kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan teku sai sun zagayo ta Lome su ratso Burkina, su iso Yamai, sannan a ƙara kusan kilomita 900 zuwa nan. Ga wuta ana ɗaukewa. Sau nawa ya narke ya sake daskarewa?

Hajiya Rabi: Wani na zuwa ta Kano ne. Ɗan ƙanena direba ne, shi ya faɗa.

Zuwaira: Tanti, wancan karon ma shi ya faɗa miki shinkafa za ta sauko.

Hajiya Rabi: Ki iya bakinki, ba sa'arki ba ce ni.

Maman Iman: Ni fa wulaƙancin da aka yi mini na kawo, ko sannu ba wadda ta ce.

Falmata: Sannu da kifi na gaske.

Hajiya Balki: Ya isa haka, a matsayina na mai kula da zauren nan na rufe maganar. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda banda ta fi, don ba ta buƙatar wuta ko firiza kuma tana ba miyar kuka ɗanɗano. Maman Iman ta yi ƙoƙari, amma a daina raina na gida. Maganar iyaka kuma ba a nan ba. Mai son banda mai kyau ta same ni ta gefe, sabon kwali ya iso mini jiya.

Hadiza Zango: Har yanzu ba a faɗa mini minti nawa ba.