Jinyar Baba ta shiga shekara ta 3, ya kuke yi da kuɗi?

Autan Baba: Salam jama'a. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, shekara 3 kenan yana kwance, mu bakwai ne amma uku ne kawai ke da abin yi. Abin da ke cin mu famfas ne da maganin hawan jini da mai gashin ƙashi da ke zuwa gida sau 2 a sati. Mun sai da fili ɗaya kuɗin sun ƙare, yanzu yayanmu na maganar gona. Dan Allah waɗanda suka yi doguwar jinya ya kuka yi?

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku taɓa gonar nan wlh, ku ba da ita haya ko a noma ana ci. Mu da Hajiya ta kwanta asusu muka buɗe, kowa ya faɗi abin da zai iya duk ƙarshen wata ko dubu 5 ce, mutum ɗaya ke riƙewa yana rubutawa a gurup na WhatsApp, don in aka bar shi sai an ga dama to kan mutum biyu zai ƙare. Kuma wa ke kwana da shi? Ni ɗinki na ajiye wata 14 ba wanda ya lissafa wannan, ku yanka wa mai jinyar nata kason kafin rai ya ɓaci.

Na Jamus: Nan Jamus tun 1995 akwai inshorar jinya daban da ta asibiti, dole ce, a albashi ake cira, Japan ma suna da ita tun 2000 daga shekara 40 ake fara biya. Duk da haka ba duka kuɗin take ɗauka ba, iyali na cikawa.

Malam Akawu: Mu dai dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, a Kano akwai KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ku yi masa rajista ko ganin likita da wasu magunguna su ragu, amma kar ku sa ran famfas ko kuɗin mai kula. Kai kuma Auta in ba albashi kake ɗauka ba ka duba ƙaramin fansho na masu sana'a da hukumar fansho ta ƙasa PenCom ta fara a 2019, don naka tsufan, ana zubi kaɗan kaɗan.

Autan Baba: Na gode. Antinmu ce ke kwana da shi, ta rufe shagonta, wlh ban taɓa kawo wannan a raina ba. Zan tada maganar ran Juma'a in mun haɗu, sai dai yaya ba ya son a rubuta kuɗi.