Neman shawara: mu nuna aljanar ko mu ɓoye ta? Kuɗinmu kaɗan ne

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar fim a cikinku ku taimaka mana da shawara kafin mu zubar da ɗan abin da muka tara. Ni da abokina muna shirin ɗaukar gajeren fim na ban tsoro, kamar na rabin awa, za mu ɗora a YouTube. Labarin wata amarya ce da aka kai ta tsohon gidan gado a cikin gari. Mijin direban babbar mota ne, yana yawan kwana a hanya. Da tsakar dare sai ta riƙa jin ana daka a tsakar gida, alhali ba kowa a gidan sai ita. Kuɗin da ke hannunmu bai kai naira miliyan ɗaya ba, kyamarar ma ta aro ce, 'yan wasanmu uku.

Ga inda muka saɓa. Abokina yana so mu ware rabin kuɗin mu ba mai siddabarun kwamfuta ya haɗa mana aljanar, da jajayen idanu, tana ratsa bango, hayaƙi na bin ta. Ni kuma ina ganin kada a nuna ta sam. Ya ce 'yan kallonmu ba su da wannan haƙurin, in ba su ga aljana ba za su ce an cuce su. Shin irin waɗannan fina-finan na ƙaramin kuɗi, ina ƙarfinsu yake, kuma ina suka fi faɗuwa? Wa ya fi gaskiya tsakaninmu?

Edita:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na daɗe ina tace fim, kuma zan faɗa maka gaskiya tsakani da Allah: siddabarun kwamfuta na arha shi ne ke kashe fim ɗin ban tsoro. Mai kallon da kake tunani, a wayarsa yana kallon na Amurka da na Indiya da na Turkiyya, idonsa ya waye. Daga lokacin da ya ga jajayen idanun nan sun ƙi zama daidai a fuskar, ko hayaƙin ya fito kamar an manna shi, tsoron ya tafi, dariya ce za ta biyo baya, kuma ba za ka sake dawo da shi ba har fim ya ƙare.

Ka nemi Paranormal Activity ka zauna ka kalle shi da idon mai koyo. Oren Peli ne ya ɗauke shi a gidansa da ke San Diego a 2006, cikin mako guda, da kusan dala 15,000. Da aka sake shi a sinimomi a 2009 ya tara sama da dala miliyan 190. Me ke cikinsa? Kyamara ce a kafe a kan ƙafarta a ɗakin kwana, saurayi da budurwarsa na barci, agogo na tafiya a gefen hoton. Sai ka ji wani ƙugi can ƙasa-ƙasa ya soma, sai ƙofa ta motsa kaɗan ta tsaya. Shi ke nan na wannan daren. Wani daren budurwar ta tashi ta tsaya a bakin gado tana kallon saurayin, agogo na gudu, awa da awanni ba ta motsa ba. Wani daren saurayin ya barbaɗa hoda a ƙasa, sai ga sawu ya fito a kai. Ba a taɓa nuna maka abin gaba da gaba ba. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya koya wa idonka ya riƙa bin kowace kusurwa ta ɗakin yana neman abin da zai motsa, har kai da kanka ka zama mai tsorata kanka.

Haka The Blair Witch Project na 1999. 'Yan wasa uku ne a dajin jihar Maryland, su ke riƙe da kyamarorin da kansu, kwana takwas aka yi ana ɗauka. Mayyar da fim ɗin ke ɗauke da sunanta ba ta fito ko sau ɗaya ba. Tarin duwatsu ne a bakin tanti, da itatuwa da aka ɗaure kamar mutum-mutumi a rataye, da muryoyin yara cikin dare. Ya tara kusan dala miliyan 250. Shekara ɗaya bayan haka aka fitar da na biyu da kuɗi mai yawa, mutane ba su karɓe shi ba.

To kai Allah ya ba ka abin da ya fi ƙofar Peli. Daka da tsakar dare! Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san sautin taɓarya a turmi, ya san na safe ne ko na yamma, ya san hannun mace ne. In ya ji shi ƙarfe biyun dare, ba sai an yi masa bayani ba. Ka bar amaryar ta leƙa ta ga turmin a kife inda ta bar shi. Washegari da safe ta ɗaga shi ta tarar da ɗumi a cikinsa, ko ɗan garin gero a gindinsa, ita kuwa ba ta da gero a gidan. Wannan ba zai ci maka ko naira dubu biyar ba.

Maman Ilham:

Ni ba 'yar fim ba ce, mai kallo ce, kuma ina son na ban tsoro. Amma ku yi haƙuri, abokin naka yana da tasa gaskiyar. Wancan na dajin da Yaya Edita ya ambata, ni dai kaina ya riƙa juyawa saboda girgizar kyamarar, kuma da ya ƙare na ji kamar an yi mini alkawari ba a cika ba. In mutum ya ba ka rabin awarsa da datarsa, ka ba shi wani abu ya gani, ko da inuwa ce. Abin da ya fi ba ni haushi a irin fina-finan nan shi ne ka zauna minti ashirin mutane na ta surutun da ba shi da alaƙa da komai, don kawai a cika lokaci.

Ɗan Damagaram:

Ina tare da Maman Ilham a kan inuwa. Akwai wani ɗan gajeren fim, Lights Out, da David Sandberg ɗan ƙasar Suwidin ya yi da matarsa a gidansu a 2013, bai cika minti uku ba. Mace ta kashe wuta, sai ga siffar mutum a tsaye a ƙarshen lungu. Ta kunna, babu. Ta kashe, ga shi. Makunnin wuta ne kaɗai jarinsu, kuma daga nan aka ba shi ya mayar da shi babban fim a 2016. Ke nan ana iya nunawa, amma daga nesa, cikin duhu, na daƙiƙa biyu. Ku samu doguwar mace ku lulluɓe ta da zane, ta ba kyamara baya tana daka. Kada ta waiwayo.

Mai ɗaukar sauti:

Kowa na maganar ido, ni kunne zan yi wa magana, don nan ne kusan duk ƙananan fina-finanmu ke mutuwa. Mutum zai yafe maka hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai yafe maka murya mai amsa-kuwwa da ƙarar janareta a bayanta ba. Fim ɗinku kacokan a kan sauti ya tsaya. In ana jin janaretan maƙwabta ko hon ɗin adaidaita sahu lokacin da ya kamata gari ya yi tsit, to dakan ba zai tsorata kowa ba.

Kuɗin da abokinka zai ba mai kwamfuta, ku yi hayar makirufo mai kyau da abin naɗar sauti daban, kada ku dogara da na jikin kyamara. Janaretanku ku kai shi can nesa da doguwar waya, ko ku yi amfani da fitilun caji. Kafin ku tashi daga kowane ɗaki, kowa ya yi shiru a naɗi minti ɗaya na sautin ɗakin haka kawai, edita zai gode muku. Dakan kuma ku naɗe shi daban, a wani dare, iri-iri: na nesa, na bayan katanga, na dab da ƙofa. A daren farko mai kallo ya ji shi can kamar daga gidan maƙwabta, a na ƙarshe kamar a bakin gadonta. Kuma don Allah ku rage kiɗa. Wannan kiɗan da ake dannawa da ƙarfi duk sanda aka buɗe ƙofa, razana mutum yake yi, ba tsoro yake sa shi ba, kuma a karo na uku ya daina aiki.

Sai duhu. Kada ku ce tunda dare ne a kashe komai. Yawancin masu kallonku a waya ne, wasu da rana a bakin shago. In ba a ganin fuskar amaryar, an rasa fim ɗin, don a fuskarta ne mai kallo zai karanta tsoron. Fitila ɗaya a gefe, ko tocila a hannunta, ta wadatar.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Edita, abokina yana karantawa, ya ce in dala 15,000 ta haifi miliyan 190, ashe mu ma muna iya dacewa ke nan?

Edita:

Ka ce masa ya sauke wannan lissafin. Fim ɗin Peli an fara nuna shi a wani bikin fina-finai a 2007, ya yi shekara biyu yana yawo kafin ya shiga sinima. Kamfanin Paramount ne ya ɗauke shi, aka ƙara kuɗi aka gyara sauti, aka canza ƙarshensa, aka zuba kuɗin talla da ya ninka kuɗin ɗaukar nesa ba kusa ba. Na dajin ma an kashe ƙarin ɗaruruwan dubban daloli a gyara, sannan suka yi dabarar yaɗawa a intanet cewa 'yan wasan sun ɓace da gaske, a lokacin da mutane ba su saba da irin wannan ba. Yau ba wanda zai yarda. Kuma bayan waɗannan biyun an yi ɗaruruwan masu kwaikwayonsu da ba wanda ya san sunansu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku shiga da niyyar ku yi fim mai kyau da zai sa a san hannunku, in kuɗi ya dawo alhamdu lillahi.

Babban raunin da na fi gani ma ba na kuɗi ba ne, na rubutu ne. Mutum ya samu dabara ɗaya mai kyau, sai ya kasa sanin yadda zai ƙare. Wace ce mai dakan? Me take so? Me ya hana amaryar tattara kayanta ta tafi gida tun daren farko? In ba ka amsa wannan ba mai kallo zai amsa maka a ƙasan bidiyon. Kai kuwa kana da amsa a hannu: amarya ce sabuwa, kunya ba za ta bar ta ta koma gida cikin satin farko ba, in ta faɗa a ce mata ƙuruciya ce ko ƙiyayyar aure. Ka zauna a kan wannan sosai. Ranar da ta kira mahaifiyarta tana kuka aka ce mata ta yi haƙuri, kowace mace da haka ta fara, wannan fitowar za ta fi kowace aljana taɓa mata masu kallo. Kuma in labarin na minti goma sha biyar ne, kada ka ja shi ya kai talatin.

Malam Babba:

Ɗana, Allah ya yi jagora. Abu biyu zan ƙara. Su Turawan nan da kuke ambata, yawancin masu kallonsu wasa suka ɗauki abin. Mu kuwa aljanu gaskiya ne a wurinmu, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Wannan zai sa fim ɗinku ya fi kama mutane, kuma shi zai sa a fi bin diddiginku. Kada ku mayar da ayoyi abin ado, ko ku sa ɗan wasan da bai iya karatu ba ya riƙa ruƙiyya yana kuskure. Ku kai wa malami rubutun ya duba. Kada kuma a nuna boka ne ya kawo mafita. In a Kano za ku ɗauka, ku fara zuwa Hukumar Tace Fina-finai ku ji ƙa'idojinta, kada ku ce ai na YouTube ne.

Na biyu ya fi damuna. Kada ku ƙare fim ɗin da cewa tsohuwar maƙwabciya ce mayya. Hanya ce mai sauƙi ga marubuci, amma mun san yadda ake jifan tsofaffin mata marasa gata da wannan kalma a garuruwanmu, har ta kai ga duka da kora, wani lokaci ga rasa rai. Yaron da ya kalli fim ɗinku gobe zai wuce ta ƙofar wata tsohuwa.

Mai tambaya:

Wallahi Malam ƙarshen da muka rubuta ke nan, tsohuwar da ke kawo mata ƙuli-ƙuli. Za mu canza in sha Allahu. Mun yi magana da abokina yanzu, ya yarda a bar mai kwamfuta, amma ya kafe sai an nuna ta sau ɗaya, ta baya, yadda Ɗan Damagaram ya ce. Na yarda da hakan.

Maman Ilham:

To madalla. Amma ku samo wadda ta iya daka da gaske, don yawancin 'yan matan yanzu inji suka sani. In ta riƙe taɓarya ba daidai ba, mu mata daga bugun farko za mu gane. Ku sa ta riƙa yin luguden nan da ake cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Ni da zan ji tafin nan ƙarfe biyun dare ina gida ni kaɗai, ba zan jira asuba ba.

Mai ɗaukar sauti:

Ranar da za ku naɗi dakan ku sa hatsi a turmin, kada ku daka shi wayam, sautin ba ɗaya ba ne. In kun sa rana ku yi mini magana ta akwatin saƙo, zan ara muku makirufona in ba ni da aiki a satin.