Shin maimaita kyawawan kalamai na iya sauya tunanin da ya zama jiki?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Masu ba da shawara sun cika cewa idan mutum ya riƙa faɗa wa kansa kowace safiya cewa shi gwarzo ne, ƙarfin gwiwa zai zo masa. Ni kuwa duk sa'ad da aka ɗora mini wani sabon aiki, abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne "ba zan iya ba", tun ban ma duba abin da aikin ya ƙunsa ba. Shin irin wannan tunani yana sauyuwa da maimaita kalamai kawai, ko akwai hanyar da ta fi?

Uwar Ɗalibai:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka bayyana shi ne Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, ya lura da shi a shekarun 1960 wajen masu fama da ciwon damuwa. Ya ga cewa akwai gajerun tunane-tunane da ke faɗowa da kansu, kuma saboda saurinsu mutum yakan karɓe su a matsayin gaskiya ba tare da ya bincika ba. Hanyar da ya koyar ita ce a rubuta abin da ya faru, da tunanin da ya biyo baya, sannan a tambayi kai: wace hujja ke goyon bayansa, wace ce kuma ke rusa shi? Wanda ya yi haka sau da yawa yakan tarar cewa abin da ke ƙarƙashin "ba zan iya ba" shi ne "ban taɓa yi ba", kuma wannan matsala ce mai magani, domin koyo ake yi.

Tsohon Ma'aikaci:

Na yarda da Malama, sai dai zan ƙara da cewa kirarin safiya yakan yi wa wasu illa. A 2009, Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun sa mutane su riƙa maimaita cewa su abin ƙauna ne, sai aka ga waɗanda dama suke raina kansu sun ƙara jin ɓacin rai, domin zuciya ba ta karɓar maganar da ta yi nisa da abin da ta yi imani da shi. Albert Bandura kuwa, masanin halayyar ɗan Adam, tun 1977 ya nuna cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar mutum ya ga ya yi abu da hannunsa ya kuma yi nasara. Saboda haka, ɗan'uwa, ka yanki ɓangaren aikin da bai fi ƙarfinka ba ka kammala shi, ko da tsoron bai tafi ba. A ganina masu jiran ƙarfin gwiwa ya zo kafin su fara sun juya lamarin ne, tun da shi a bayan aiki yake zuwa.

Mai Ja-in-ja:

Ku gafarce ni, Malamai, ina ganin ana ɗora wa tunani nauyin da ya fi nasa. Ko ra'ayin masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Dweck da ya shahara, wanda ke cewa ɗalibin da ya ɗauka basira tana ƙaruwa ya fi jure wahalar karatu, da aka gwada shi a kan dubban ɗaliban sakandare na Amurka a binciken da aka wallafa a 2019, amfanin da aka samu kaɗan ne, kuma ya fi bayyana ga masu rauni a karatu. Wanda yake aiki a ƙarƙashin shugaban da ke kushe shi kullum, ba kuskuren tunani ba ne idan ya ji ɗar-ɗar.

Uwar Ɗalibai:

Gaskiya ne, shi ya sa aka ce a bincika tunanin, domin wani lokaci binciken yakan nuna cewa tunanin daidai ne, wurin aikin ne ke bukatar gyara. Kuma kada Mai Neman Sani ya yi gaggawa: binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki daga kwana 18 zuwa 254 kafin ta zauna. Idan kuma tunanin ya kai ga hana ka barci ko cin abinci har na tsawon mako biyu ko fiye, to ka ga likita.