Valgrind da ASan sun ƙi aiki a kwantenar arm64 da ke kan QEMU

mai_koda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Manhaja ce ta C da za ta yi aiki a kan Raspberry Pi 4, tsarin arm64. Kwamfutar aikin x86-64 ce mai Ubuntu 22.04, ana haɗa kodin a cikin kwantenar Docker ta Debian 12 da `--platform linux/arm64`, ta hanyar qemu-user-static na Ubuntu ɗin, mai kwaikwayon ARM a kan x86. Manhajar tana tashi lafiya, sai ta ɗan jima tana karanta saƙonni ta faɗi da `free(): invalid next size (fast)`.

Valgrind, mai binciken kurakuran memori, a cikin kwantenar ya fara da kukan `a function redirection which is mandatory for this platform-tool combination cannot be set up`. Bayan sa libc6-dbg wannan ya wuce, amma yanzu yana mutuwa tun kafin a kai `main`. Da ASan (AddressSanitizer, wato `-fsanitize=address`) kuma, QEMU yana ta cin RAM har kanel ya kashe shi. Abin mamaki, a wata kwamfutar mai Ubuntu 24.04 wannan fayil ɗin yana tafiya har ƙarshe, sai ya rufe da `LeakSanitizer has encountered a fatal error`. Daga waje, `valgrind qemu-aarch64-static ./karanta` bai nuna kuskuren ba ko kaɗan. Ina gyaran yake, don Allah?

Ɗan Gusau

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli uku ne, amma tushensu ɗaya: abin da ke ƙarƙashin kwantenarka qemu-user ne, ba cikakkiyar na'urar ARM ba. Shi umarnin firosesa kawai yake fassarawa daga ARM zuwa x86, duk wani kira zuwa kanel kuma ya miƙa wa kanel ɗin Ubuntu naka. Manhaja ta yau da kullum ba ta gane bambancin. Kayan binciken memori kuwa a daidai wuraren da kwaikwayon ya yi rauni suke aiki.

Na ukun shi ya fi sauƙi, ka bar shi kawai. Idan ka ɗora Valgrind a kan qemu-aarch64, QEMU ɗin kake bincika. `malloc` da `free` na manhajarka suna cikin libc na ARM da ake fassarawa, Valgrind bai san da su ba. Abin da yake gani shi ne QEMU ya karɓi babban fili ta `mmap` yana rubutu a ciki, kuma duk rubutun halal ne a wurinsa. Ko ka zarce iyakar abin da ka karɓa da bayit dubu, ba zai ce uffan ba.

Na ASan shi ne mai magani. ASan yana ajiye inuwar memori, bayit 1 a kan kowane bayit 8, kuma tun farkon tashi yake keɓe wa inuwar nan adireshi na terabayit da dama. A wurin kanel na gaske wannan ba komai ba ne, tunda ba ya ba da shafi sai an taɓa shi. Tsohon qemu-user kuwa yana riƙe bayanin kowane shafi ɗaya bayan ɗaya, to ka raba terabayit ɗin nan da kilobayit 4, ka ga biliyoyin shafuka. Nan RAM ɗinka ke tafiya. Daga QEMU 8.0 na 2023 aka koma riƙe bayanin fili-fili. Ubuntu 22.04 yana da 6.2, shi kuma 24.04 yana da 8.2, bambancin kwamfutocin biyu ke nan.

Sabunta shi haka:

`docker run --privileged --rm tonistiigi/binfmt --uninstall qemu-aarch64`
`docker run --privileged --rm tonistiigi/binfmt --install arm64`

Sannan ka duba `cat /proc/sys/fs/binfmt_misc/qemu-aarch64`. A layin `flags` ka tabbatar akwai F. Ma'anarta kanel ya buɗe fayil ɗin QEMU tun lokacin rajista ya riƙe, shi ya sa yake aiki a cikin kwantena ko da fayil ɗin ba ya ciki. Amma kuma shi ya sa mutane da yawa suke sauya fayil ɗin su ga ba abin da ya canza: tsohon ne a hannun kanel har sai an sake rajista.

LeakSanitizer kam ba shi da gyara a nan. Kafin ya ƙirga yoyo, wato memorin da aka karɓa ba a mayar ba, sai ya tsayar da duk zaruruwan (threads) manhajar ta `ptrace`, qemu-user kuma bai da `ptrace`. Kashe shi, ka haɗa haka:

`gcc -g -O1 -fno-omit-frame-pointer -fsanitize=address,undefined`
`ASAN_OPTIONS=detect_leaks=0 ./karanta`

Abin da kake nema ma ba yoyo ba ne. Saƙon nan na `free` yana nufin an zarce ƙarshen wani ƙaramin yanki an taka girman yankin da ke biye da shi, glibc kuma bai lura ba sai lokacin mayarwa. ASan zai tsayar da kai a kan layin da ya yi rubutun, ba layin da ya faɗi ba.

Malama_H

Malam ya yi bayani. Ƙari ɗaya: kafin duk wannan wahalar, haɗa kodin kai tsaye a x86 ka sa masa Valgrind na can. Zarce iyaka da amfani da memori bayan `free` yawanci ba ruwansu da irin firosesa. Sai dai ka ƙara `-funsigned-char`, domin a Linux na ARM `char` ba ya ɗaukar lamba ƙasa da sifili, a x86 yana ɗauka. Tunda saƙonni kake karantawa, idan tsawon saƙo yana cikin `char`, bayit 0xC8 zai zama 200 a ARM, a x86 kuma -56. Kodin da ke duba `if (tsawo < 0)` zai jefar da saƙon a x86, a ARM ya wuce ya kwafa bayit 200 cikin wurin da bai kai haka ba.

Kada a haɗa biyun: fayil ɗin da aka yi da ASan ba a ɗora masa Valgrind.

mai_koda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da sabon QEMU ASan ya tashi. Amma yoyon ma ana bukatar dubawa, tunda manhajar za ta yi makonni ba a kashe ta ba, kuma ɗakin karatun kodi (library) da take amfani da shi na arm64 kaɗai aka ba da, ba ya haɗuwa a x86. Babu wata dabara ta sa Valgrind ya yi aiki a cikin kwantenar?

Injiniya_Maradi

Ɗan'uwa, kada ka ɓata lokaci a kai. Valgrind shi ma mai fassara umarni ne, don haka tafinta ka ɗora a kan tafinta. Yana loda kayan aikinsa a wani kafaffen adireshi, yana karanta `/proc/self/maps` don ya san tsarin memori, yana sarrafa sigina da zaruruwa da kansa. Duk waɗannan qemu-user ƙirƙirar su yake yi, ba cikakku ba ne. Ko ya tashi yau, rahotonsa ba abin dogaro ba ne.

Abin da kake bukata kanel na ARM ne na gaske, wato qemu-system. A Ubuntu sa `qemu-system-arm` da `qemu-efi-aarch64`, sauke `debian-12-nocloud-arm64.qcow2` daga Debian, wanda yake barin root ya shiga ba kalmar sirri. Faifan ƙarami ne, ƙara shi da `qemu-img resize debian-12-nocloud-arm64.qcow2 +10G`, daga ciki kuma ka faɗaɗa da `growpart` da `resize2fs`. Tayar da shi:

`qemu-system-aarch64 -M virt -cpu cortex-a72 -smp 4 -m 4096 -bios /usr/share/qemu-efi-aarch64/QEMU_EFI.fd -drive if=virtio,format=qcow2,file=debian-12-nocloud-arm64.qcow2 -netdev user,id=n0,hostfwd=tcp::2222-:22 -device virtio-net-pci,netdev=n0 -nographic`

A ciki sa valgrind, libc6-dbg da openssh-server, ka tura fayilolinka ta `scp -P 2222`. Ci gaba da haɗa kodin a kwantena, ya fi sauri, gwaji kawai za ka kawo nan:

`valgrind --leak-check=full --track-origins=yes ./karanta`

Kula da `-cpu`. Mutane suna son `-cpu max`, amma shi yana buɗe sababbin umarni irin su SVE, glibc kuma yana zaɓar hanyoyinsa bisa abin da firosesa ta ce tana iyawa. Idan aka ci karo da umarnin da Valgrind bai sani ba, za ka ga `unhandled instruction` sai SIGILL, ka zaci laifin kodinka ne. Cortex-A72 ita ce ainihin firosesar Pi 4, tsaya a kanta. Haka nan kada ka haɗa da `-march=native`.

Saurin kuwa, ka yi haƙuri da shi. Memcheck, kayan aikin Valgrind na binciken memori, shi kaɗai yana rage gudu ninki 10 zuwa 50, ga na QEMU a ƙarƙashi. Duk wani iyakar jira da ka sa a kodin, na daƙiƙa 1 ko 2, zai riƙa ƙarewa ba gaira ba dalili, don haka ka ɗaga shi lokacin gwaji. Ajiye saƙonni a fayil ka ciyar da manhajar da 'yan ɗaruruwa, sun isa nuna yoyo. A wannan na'urar `ptrace` yana nan, saboda haka LeakSanitizer zai yi aiki, kuma ya fi Valgrind sauri nesa ba kusa ba. Da shi zan fara, Valgrind sai don memorin da aka karanta ba a rubuta komai a ciki ba, wanda ASan ba ya kamawa.

Ɗan Gusau

Haka ne, Injiniya. Ga mai son gwaji mai arha a cikin kwantenar kanta, kayan glibc suna aiki a qemu-user. Sai dai daga glibc 2.34 `MALLOC_CHECK_` ba ya yin komai shi kaɗai, kuma Debian 12 yana kan 2.36:

`LD_PRELOAD=libc_malloc_debug.so.0 MALLOC_CHECK_=3 MALLOC_PERTURB_=165 ./karanta`

Idan daga wajen kwantena kake kiran qemu-aarch64, ka ba da su ta `-E LD_PRELOAD=...` don su je ga manhajar maimakon QEMU.

Abu ɗaya ne ko qemu-system ba zai nuna maka ba. Idan manhajar tana da zaruruwa masu raba memori, ARM yana iya sauya jerin karatu da rubutu fiye da x86, QEMU da ke kan x86 kuma tsarin x86 ɗin yake gadowa. Kodin da ya rasa makulli a wani wuri yana iya wucewa lafiya a kwaikwayo ya lalata memori a kan ARM na gaske. Wannan gwajin sai a kan Pi ɗin kansa; neman wurin da aka rasa makullin kuwa aikin `valgrind --tool=helgrind` ne, ko a qemu-system.