Muzurunmu ya dawo gida bayan toshewar fitsari, yaya zan kula da shi?

Maman Yara:
Assalamu alaikum. Muzurun gidanmu mai shekara 4 ya kwanta a asibitin dabbobi saboda hanyar fitsarinsa ta toshe. An sanya masa robar fitsari, an yi masa ƙarin ruwa, jiya kuma aka sallame shi da magunguna. Tun da muka dawo yake yawan tsugunawa a kan yashinsa, fitsarin yana fita kaɗan-kaɗan da alamar jini. Shin haka aka saba gani, ko in mayar da shi? Wane abinci kuma ya dace da shi, ganin cewa ya saba da busasshen abincin leda da ragowar kifin miya?

Ma'aikacin Asibitin Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ɗan jini a fitsari da yawan tsugunawa na 'yan kwanaki bayan cire roba ba abin tayar da hankali ba ne, domin mafitsarar ta sha wuya, robar ma tana goge hanyar. Abin da za ki sa wa ido shi ne ko fitsarin yana fita ko ba ya fita. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce kuma siririya, ba kamar ta macen kyanwa ba, shi ya sa takan sake toshewa, musamman a mako ɗaya zuwa biyu na farko. Ki keɓe shi a ɗaki guda da yashi mai tsabta wanda babu wata magen da za ta taka, don ki tabbata jiƙon da kika gani nasa ne. Idan yana yunƙuri yana kuka babu abin da ya fito, ko ya fara amai, ko ya ƙi abinci ya kwanta laƙwas, kada ki jira gari ya waye. Fitsarin da ya maƙale yana danne ƙoda, sinadarin fotasiyam ya taru a jini har ya taɓa zuciya, kuma hakan yana iya kashe shi cikin kwana 2 zuwa 3. Kada ki matsa cikinsa da hannu.

Mai Kiwon Maguna:
Ni a ganina ruwa ne rabin maganin. Mage tana buƙatar kusan mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a rana, har da wanda ke cikin abinci, ga shi kuma ba ta da son shan ruwa, balle a zafin watan Afrilu. Ki bar busasshen abincin nan, ki koma na gwangwani mai laima, ki ɗan ƙara masa ruwa, ki kuma ajiye kwanon ruwa a wurare biyu ko uku nesa da yashinsa. Kifin miya kuwa ki daina gaba ɗaya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage.

Ma'aikacin Asibitin Dabbobi:
Gaskiya ne, sai dai kafin Hajiya ta kashe kuɗi a kan abincin magani irin Royal Canin Urinary S/O ko Hill's c/d, ta tambayi likitan abin da gwajin fitsarin ya nuna. Akwai tsakuwar mafitsara da abinci yake narkarwa, akwai wadda sai an yi aiki, sau da yawa kuma babu tsakuwa sam, kumburin mafitsara ne da damuwa take tayarwa, kamar baƙuwar mage daga maƙwabta, hayaniyar biki ko sauya gida.

Maman Yara:
Na gode ƙwarai. Da safen nan na tarar da jiƙo mai ɗan yawa a yashin, hankalina ya kwanta. Amma na ga kamar yana jin ciwo, ko in ba shi ɓarin Panadol?

Mai Kiwon Maguna:
A'a, Hajiya, ko kusa! Hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta, haka ma ibuprofen. Ki tsaya a kan maganin ciwon da likita ya rubuta, ki ƙarasa sauran magungunan ko da ya warware, idan kuma ciwon bai lafa ba ki kira asibitin su duba adadin da ake ba shi.