Waɗanda takunkumin iska ya taɓa sauko musu a jirgin sama, ku ba mu labari

Maman Walid: Assalamu alaikum. Wata mai kamawa in sha Allahu zan raka Hajiyarmu Umra, ga kuma yarona ɗan shekara uku. Bayanin da ake yi kafin jirgi ya tashi da Turanci ne ko Larabci, ita kuwa ba ta jin ko ɗaya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne takunkumin nan da ake cewa zai faɗo in matsin iskar jirgi ya zube. Don Allah wanda ya taɓa gani da idonsa ya faɗa mana yadda ake ciki.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni na gani, muna dawowa daga Legas da dare. Kunne ne ya fara faɗa min, wani irin zafi da toshewa, sai sanyi ya shigo. Kafin in ankara murafen da ke saman kawunanmu sun buɗe, takunkumai suna lilo. Sai jirgi ya sunkuyar da kai ya yi ƙasa da gudu. Salati ko ta ina. Na ja nawa na saka, sai na ji ƙauri, na ce shi ke nan, gobara ce. Wani dattijo a gefena ya riƙe nasa a hannu yana ta kalmar shahada, ni na ɗaura masa. Babu wanda ya ce mana uffan har sai da jirgin ya daidaita, sannan matuƙi ya yi magana. A Abuja muka sauka. Dattijon ya yi haɓo kaɗan, ni kuma kunnena ya daɗe bai sake ba.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi: Alhaji, sannu da arziki. Duk abin da ka lissafa haka aka tsara shi, kuma na so a ce fasinjoji sun sani tun a gida. Jirgi na tafiya a tsayin ƙafa 35,000 a sama, amma ana cusa iska a cikinsa ta zama daidai da ta ƙafa 6,000 zuwa 8,000. In ta zube har ta kai ta wajen ƙafa 14,000, takunkuman da kansu suke faɗowa. A ƙafa 35,000 mutum na da sakan 30 zuwa 60 ne kacal yana cikin hayyacinsa. Kuma ƙarancin oksijin ba ya zuwa da shaƙewa. Mutum zai ji shi garau, har da wani nishaɗi, alhali leɓensa ya soma canja launi, hannunsa ya daina bin umarninsa. Na ga babban mutum yana juya takunkumi a hannu, ya rasa ta ina ake sa shi.

Ƙaurin nan ba gobara ba ce. A yawancin jirage wani ɗan gwangwani ne a saman kujera mai sinadari, jan da ka yi shi ke kunna shi, ya yi zafi yana fitar da oksijin na kimanin minti 12 ko fiye. Shi ya sa ake cewa a ja. Ledar da ke jiki ko ba ta kumbura ba, iska na shiga. Sunkuyawar kuma ba faɗuwa ba ce, matuƙi ne ke sauri ya kai ƙafa 10,000 inda kowa zai numfasa da kansa, kuma 'yan mintoci sun ishe shi. Shirunsa ma aiki ne: nasa takunkumin na fuskarsa, yana magana da masu kula da sararin sama. Mu ma umarnin da aka ba mu shi ne mu cafki takunkumi mafi kusa mu zauna, don haka kada ki jira wata ta zo ta taimake ki.

Ummu Hanan: Maman Walid, ni da goyo abin ya same ni, a hanyar Alkahira. Wallahi zuciyar uwa ba ta yarda ki fara da kanki, amma ki daure. In kika suma kina kokawar saka wa yaron, ku biyu kun rasa mai taimako, ga Hajiya ta uku. Ni na ɗage niƙabina na sa nawa, na ja robar ta bayan kai a kan hijabi, sannan na kama 'yata. Ta yi ta fizgewa tana tsala ihu, na matse ta a ƙirji na danne mata takunkumin da tafin hannu har muka sauko. Ki tabbatar ya rufe hanci da baki duka. A watan Afrilun 2018, da tagar jirgin Southwest ta fashe a Amurka, hotuna sun nuna fasinjoji sun rufe baki sun bar hanci a waje.

Injiniya: Ni ta ɓangaren gyara na san abin, kuma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuwa a hankali. Ranar 14 ga Agustan 2005 jirgin kamfanin Helios ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Larnaka a Saifurus, an bar makunnin matsin iska a kan sarrafawa da hannu maimakon ya yi aiki da kansa. Ƙararrawa ta yi kuka, matuƙan suka ɗauka ta wata matsala ce daban, har suka suma. Jirgin ya yi ta shawagi shi kaɗai, mai ya ƙare, ya faɗi kusa da Atina, babban birnin Girka, mutum 121 suka rasu. Don haka in takunkumi ya sauko, ko ba ki ji komai ba, ki saka. Sai maganar bel na kujera. A Janairun 2024 wani ɓangaren jikin jirgin kamfanin Alaska ya fice bayan tashi daga Fotland a Amurka, iska ta yage rigar wani yaro daga jikinsa, amma ba a rasa rai ba. Muddin kina zaune, ki bar bel a ɗaure.

Maman Walid: Allah ya saka da alheri. Anti, yaya zan yi da wurin zama, tunda mu uku ne?

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jirgi: Ki roƙa tun wajen awon kaya a haɗa ku layi ɗaya, ke a tsakiya, Walid ta taga, Hajiya ta ɗaya gefen. Da kun zauna ki ɗauko katin da ke aljihun kujera, hotuna ne, ki bi da ita ɗaya bayan ɗaya da Hausa, ki nuna mata murfin da ke saman kanta. In tana da mura ko ciwon ƙirji, ta ga likitanta kafin ranar. Allah ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a.